Bakin Tasalla da Tokar Marina

Masu riƙe da labaran mutanen da sun ce an yi wani gari a ƙasar Hausa da ake kira Kwarin Baba. Garin bai da wani girman a-zo-a-gani, amma duk kasuwar da aka shimfiɗa baƙin zane mai sheƙi, ko ba a tambaya ba an san daga nan ya fito. Rijiyoyin rini saba'in ne a marinarsu, kuma rabin mazan garin in sun miƙo maka hannu sai ka ga shuɗi har gwiwar hannu. Da shuɗin nan suke ci, da shi suke aure, da shi suke yi wa maƙwabta taƙama.

Sarkin garin a lokacin sunansa Cindo. Mutum ne mai son gaskiya, wannan kam ba mai ƙwace masa. Aibinsa ɗaya, kunnensa laushi gare shi. Wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya a wurinsa, har sai wani ya shigo.

A wata damina sai wata tsohuwa ta shigo garin da ƙunshin kaya a ka. Sunanta Tasalla. A nan aka haife ta, aure ya kai ta kudu ta yi shekara arba'in a can, da mijin ya rasu sai ta tattaro 'yan komatsanta ta dawo kangon gidan ubanta. Ta share ɗaki ɗaya ta zauna. Burinta a duniya bai wuce ɗaya ba: in ta mutu a binne ta kusa da kabarin uwarta. Amma waɗanda suka san ta duk sun riga ta tafiya, saboda haka 'yan garin baƙuwa suke ce mata.

Sana'arta sabulun salo. Mai wannan sana'a kuwa ya san toka kamar yadda mahauci ya san nama, don da ruwan toka ake dafa sabulun. Su ma marina sai da toka, ita ake haɗawa da baba a zuba a rijiya, a yi ta dama shi da muciya har kwana bakwai, sannan kumfa mai shuɗi ta taso a sama, a ce baba ya tashi.

Wata rana da hantsi Tasalla ta biyo ta marina, ta ga tulin tokar da marina suka tara a ƙarƙashin rumfa. Hannunta ya saba, sai ta dangwala yatsa ta ɗanɗana. Ta yamutsa fuska ta ce, "Wayyo 'ya'yana, wannan toka ai ta mutu. In kuka zuba ta, babanku ba zai tashi ba."

Suka bushe da dariya, suka ce tsohuwa ta zo koya wa kifi iyo. Suka zuba tokarsu.

Kwana bakwai ba kumfa. Kwana goma ba kumfa. Rijiya saba'in, ko ɗaya ba ta tashi ba, sai wari. In an tsoma farin zane sai ya fito kamar an wanke shi a kududdufi. Can sai wani ya dafe kai ya ce, "Ku tsaya! Me tsohuwar nan ta ce ranar?" Kafin azahar magana ta gama gari: Tasalla ta yi wa marina baki.

Washegari da safe Sarkin Marina, wani dattijo mai ƙaton murya da ake kira Dambo, ya jagoranci jama'a zuwa fada, suka nemi a kori tsohuwar daga gari. Sarki Cindo ya saurara, maganar ta shige shi, har ya buɗe baki zai yanke. Sai dai ya tuna al'adar ubansa, ya ce a dawo bayan la'asar.

Al'adar kuwa ita ce, a bayan fada akwai wani lambun rama, a cikinsa akwai wata tsohuwar hawainiya da Allah ya hore wa magana. Ta ba uban Cindo shawara, ta ba kakansa. Ba ta da sarauta ba ta da rawani, amma sarki ba ya yanke babban hukunci bai je ya gaishe ta ba. Kaka yake ce mata.

Ya same ta a kan reshe, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana shawarar inda za ta ajiye ta. Ya ce, "Kaka, barka da hantsi. Tun jiya na bar ki a reshen nan."

Ta juyo da ido ɗaya wajensa, ɗayan yana kallon wani wuri dabam. Ta ce, "Ranka ya daɗe, sannu ba ta hana zuwa. Kai da ke sauri, ina ka kai? Na ga fuskarka kamar wanda ya riga ya yanke hukunci, ya zo neman wanda zai ce masa madalla."

Sarki ya ɗan ji kunya, ya zauna a kan wani kututture ya kwashe labari ya faɗa mata. Ya ƙare da cewa, "Ni dai ban ga makawa ba. Ta faɗa, ya faru. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Gari duka ya haɗu a kan magana ɗaya. Ita ko wace ce? Baƙuwa, mai dafa sabulu, ba ta taɓa riƙe muciyar marina ba."

Hawainiya ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne. Amma karin maganar bai faɗi abin da ya tsamama shi ba. Ina jin tsoron kada a yi maka irin ta mutanen Unguwar Kanya da shamuwarsu."

Sarki ya ce, "Yaya aka yi da mutanen Unguwar Kanya?"

Hawainiya ta ajiye ƙafar da ta ɗaga, ta gyara zama, ta ce:

An yi wani ƙauye na manoma da ake kira Unguwar Kanya, mai unguwarsu sunansa Sodangi. Mutum ne mai lura, ba ya barin abu ya wuce shi. Ya lura duk shekara shamuwa takan sauka a kan kukar bakin gari, kafin a yi kwana kaɗan sai ruwa ya sauko. Shekara goma yana ƙirgawa, bai taɓa saɓawa ba. Sai ya tara jama'a ya ce, "Jama'a, wauta muke yi. Shamuwa ce ke kawo ruwa, mu kuma muna barinta ta tafi. Mu kama ɗaya kafin kaka, mu ajiye. Da tsakiyar rani mu ɗora ta a kan kuka, ruwa ya sauko, mu yi shuka. Noma biyu ke nan a shekara."

Wuri ya kaure da shewa. Aka ɗana tarko aka kama shamuwa, aka gina mata akurki, aka yi ta ciyar da ita da fara da kwaɗi. Da rani ya tsaya, ƙasa ta bushe har tana tsagewa, aka sa ranar shuka.

A ƙauyen akwai wata maginiyar tukwane mai ido ɗaya, sunanta Kyallu. Ita kaɗai ta ce, "Mai unguwa, a yi hattara da iri. Shamuwa ƙanshin ruwa take ji ta zo, ba ita ke jawo shi ba. Mai shela yana riga sarki isowa, amma ba shi ya naɗa sarkin ba."

Sodangi ya ce, "Kyallu, da ido ɗayan kika hango abin da mu masu biyu-biyu ba mu gani ba?" Wani ya ce ai ko gona ba ta da ita. Wani ya ce bara ma tukunyar da ya saya a wurinta yoyo take yi. Aka yi ta dariya, aka ce duk unguwa ta yarda sai ita.

Kyallu ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Idona ɗaya ne, tukunyata ta yi yoyo, duk na amsa. Amma wanne daga ciki ya ba shamuwa ikon hadari? Kun tuna mini da 'yan jirgin Makau."

Sodangi ya ce, "Su wane ne kuma 'yan jirgin Makau?"

Kyallu ta ce:

Wata ranar kasuwa mutum ashirin da biyu suka shiga jirgin fito za su ƙetare gulbi. A cikinsu akwai wani mutum, Makau, wanda ƙarya ta zame masa kamar numfashi. Shi ne ya taɓa rantsuwa ya ga tarwaɗa a kan giginya tana shan inuwa. Mutanen yankin har cewa suke, in Makau ya ce maka rana ta fito, nemi fitila.

Da jirgi ya kai tsakiyar ruwa sai Makau ya zabura ya ce, "Jama'a, ruwa na shigowa ta ƙarƙashin buhunan albasan nan!"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Tarwaɗarka ce ta sauko daga giginya?" Mai fito ya ce, "Tun da Makau ya ce jirgina ya huje, to, yanzu na tabbata lafiyarsa ƙalau." Wani attajiri ya ɗaga murya ya ce, "Mu ashirin mun ce lafiya, mutum ɗaya, maƙaryaci ma, ya ce ba lafiya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Zauna, Makau."

A gefe akwai wata mai tallar daddawa, sunanta Shekara, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Alhaji, ku ashirin ɗin, wa ya duba a cikinku?"

Kowa ya dubi na kusa da shi, don kowa ya zaci wani ya duba.

Ta ce, "To, ashirin ɗinku ba ku kai hannu ɗaya ba." Ta naɗe hannun riga ta cusa hannu ƙarƙashin buhu, ta zaro shi sharkaf har wuyan hannu. Ba ta tsaya surutu ba, ta ture buhun, sai ga ɓula a jikin jirgin, ta kwance gyalenta ta cusa a ciki, ta juye daddawarta a cinyar attajirin, ta miƙa wa Makau ƙwaryar ta ce ya yi ta kwarfa. Da ƙyar da jiɓin goshi suka kai gaɓa.

Da suka sauka, mai fito ya dubi Makau ya ce, "Kai, yau me ya same ka ka faɗi gaskiya?" Makau ya ce, "Ai ni ma a cikin jirgin nake."

Kyallu ta ce, "Ka ji, mai unguwa. Ɓular da ke jikin jirgi ba ta tambayi halin wanda ya gan ta ba, kuma bakin mutum ashirin bai toshe ta ba. Ku bar idona, ku sa hannu. Ku ɗora shamuwar a kan kuka, ku jira kwana bakwai ba ku taɓa iri ba. In hadari ya haɗo, ni zan fara ɗaukar kwashe in fita shuka."

Shawara ce mai sauƙi, amma Sodangi ya riga ya yi magana a gaban jama'a, ya ga janyewa faɗuwa ce. Aka ɗaure wa shamuwa igiya a ƙafa aka ɗora ta a kan kuka, aka fasa rumbuna aka shuke iri kaf a busasshiyar ƙasa. Shamuwa ta yi tsuru tana haki a rana. Sama ko gajimare. Zabin daji da tururuwa suka yi biki, suka tone irin nan tas.

Bayan wata biyu sai ga shamuwoyi sun zo da kansu, hadari ya biyo bayansu, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ga ruwa ga gona, ba iri. Mutane suka zauna jugum. Sai ga Kyallu ta fito tana mirgino manyan tukwane uku da ta liƙe bakinsu da laka. Ashe tun da aka fara maganar shamuwa take musanya tukwanenta da gero da dawa tana ɓoyewa. Ta bi gida gida tana auna musu da tafin hannu, har wanda ya ce tukunyarta na yoyo, kuma ba ta ce wa kowa "ban faɗa muku ba?" Sodangi da kansa ya hau kuka ya kwance igiyar, ya sauko ya durƙusa a gabanta ya ce, "Iya, idonki ɗaya ya fi namu ɗari."

Hawainiya ta juyo da idanunta biyu kan sarki, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya riga wani zuwa ba lallai shi ya haife shi ba. Tasalla ta yi magana, baba ya mutu. To, ita ta kawo ruwan, ko ƙanshinsa ta ji?"

Sarki ya murza gemu. Can ya ce, "Wallahi Kaka, mata biyun nan sun burge ni, musamman mai daddawar. Kuma kin tuna mini wani abu. Na tambayi Dambo yadda ya san tana da mugun baki, ya ce ai ga shi baba ya mutu. Na ce yaya ya san baki ne ya kashe baban, ya ce ai tana da mugun baki. A lokacin sai na ji kamar ya kawo hujja biyu."

Hawainiya ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Jakin da aka ɗaure a turke ke nan. Yana ta zagayawa, yana zaton ya kusa kasuwa."

Sarki ya yi murmushi, sai kuma fuskarsa ta sake ɗaurewa. Ya ce, "Duk na ji. Amma akwai wadda ta fi ƙarfina. Dambo ya ce abu biyu ne ba na uku: ko ta bar gari, ko marina su tashi su bar mini kufai. Tsohuwa ɗaya da abincin gari guda, Kaka, wanne zan ɗauka?"

Ta ce, "Wa ya ƙirga maka su biyu? Ka ji yadda akuya ta yi da kura?"

Ya ce, "Ban ji ba, sai kin faɗa."

Hawainiya ta ce:

Wata akuya ta yi nisa da garke, kura ta biyo ta. Akuya ta yi tsalle ta haye wani dutse mai santsi, kura ta yi ta zamewa ta kasa hawa. Da ta gaji sai ta zauna ta gyara murya ta ce, "'Yar uwa, ni mai adalci ce, zan ba ki zaɓi. In kika sauko ta gabas, zan gama da ke farat ɗaya, ba za ki ji zafi ba. In kika sauko ta yamma, a hankali zan ci ki, daga ƙafa. Zaɓi ɗaya, ban matsa miki ba."

Da wata akuyar ce, da ta tsaya auna wanne ya fi sauƙi, har ta gode wa kura da ta ba ta na gabas. Wannan kuwa sai ta kwanta a kan dutsen ta fara tuƙa. Ta ce, "Na zaɓi in zauna a nan har makiyayi ya zo."

Kura ta ce, "Ai wannan ba ya cikin zaɓin!"

Akuya ta ce, "Ke kika ƙirga ƙofofin, ba ni ba."

Ba a jima ba aka jiyo haushin karnukan makiyayi, kura ta ranta a na kare tana cewa akuyoyin zamani ba su da tarbiyya.

Hawainiya ta ce, "Allah ya ja zamaninka, duk wanda ya ce maka ƙofa biyu ce, ka duba bango kafin ka zaɓa. Dambo ba kura ba ne, mutumin kirki ne, tsoro ne ya rufe masa ido. Ba korar tsohuwa yake so ba, baba yake so ya tashi. In ka kore ta yau, gobe suka sake zuba abin da suka zuba, wa za a kora jibi? Tsugune ba ta ƙare ba."

Sarki ya ce, "To, me zan yi?"

Ta ce, "A'a, ni ba marina ba ce, ko da yake na fi su iya sauya launi. Tambaya ɗaya gare ni. Ranar nan, me ta ce daidai?"

"Ta ce toka ta mutu."

"A cikin gari duka, wa ya duba tokar?"

Sarki ya miƙe tsaye ya kaɗe rigarsa ya ce, "Mu ashirin ba mu kai hannu ɗaya ba."

Bayan la'asar fada ta cika. Aka kawo Tasalla, ta zo da ƙunshin kayanta a ka, don ta riga ta ɗaure tun safe. Ta ajiye shi a gefe ta durƙusa. Sarki ya sa aka ɗebo tokar marina a ƙwarya, aka ɗebo wata daga murhun cikin gida a wata ƙwaryar. Ya ce, "Iya, me kike nufi da toka ta mutu?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, toka mai rai in ka ɗanɗana sai ta ciji harshe. Wadda ruwa ya bi ta cikinta kuwa ƙarfinta ya tafi da ruwan, sai lami. Rumfarsu yoyo take yi, damina duka ruwa na tace ta. Ni tausayi ne ya sa na yi magana. Da na san haka za ta zama, da na haɗiye."

Sarki ya sa Dambo ya ɗanɗana duka biyun. Ta murhu ta sa shi tofar da yawu, ta marina kuwa ya tsotsa ya tsotsa bai ji komai ba. Amma girma ya hana shi sauka. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, lami ce. To, ai bakin nata ne ya kashe ta."

Sarki bai yi faɗa ba. Abin da ya yi a nan shi ne har yau ake yabonsa da shi, kuma ba hawainiya ce ta koya masa ba. Ya ce a yashe rijiya biyu. Ta farko a zuba mata matacciyar tokar, ta biyu a zuba mata sabuwa busasshiya, baba iri ɗaya, muciya ɗaya. Sannan ya ce, "Iya, ki tsaya a bakin mai tsohuwar toka ki sa mata albarka iyakar iyawarki. Ki tsaya a bakin mai sabuwa ki ce ba za ta tashi ba, da kalmomin da kika faɗa ranar. In baki ne, za mu gani. In toka ce, za mu gani. Ba mai tashi daga garin nan, ita ko ku, sai bayan kwana bakwai."

Haka aka yi. Kwana bakwai ɗin nan Tasalla ba ta kwance ƙunshinta ba, yana nan a bakin ƙofa, a kan tabarma tsirara take kwana. Kullum da safe takan je kabarin uwarta ta share, ta zauna kaɗan, kamar mai sallama.

Rana ta bakwai da hantsi gari ya taru a marina. Aka ɗaga faifan rijiyar da aka sa wa albarka, sai wari. Aka ɗaga na wadda aka yi wa baki, sai ga kumfa ta yi tozo, shuɗi mai ratsin ja yana walƙiya a rana. Aka tsoma farin zane aka ɗaga, ya fito kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a kan idon kowa. Mata suka rangaɗa guɗa.

Ana cikin haka sai wani marini daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Af! Ashe bakin nata baibai yake aiki!" Nan take kawuna suka fara gyaɗawa, don ɗan Adam ya fi son ya yi wa tsohon zatonsa faci da ya yar da shi.

Sarki Cindo, mai laushin kunnen nan, ya ɗaga hannu. Ya ce, "In baibai yake aiki, ranar farko da ta ce ba zai tashi ba, da rijiya saba'in sun tashi. In ya mutu ku ce bakinta, in ya tashi ku ce bakinta. To, ku faɗa mini abin da zai faru ku ce ba bakinta ba ne. In babu, ba hujja gare ku ba, turke gare ku kuna zagayawa."

Sai Dambo ya tako, ya cire hularsa a gaban yaransa da jama'a, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce, "Shekara talatin ina Sarkin Marina, ban taɓa sa toka a baki ba. Iya, kin faɗa mana gaskiya mun biya ki da kora. Ki yafe mana." Ya matse zanen nan na farko ya shanya da hannunsa, ya ce nata ne. Sannan ya bi ta har gida, ya durƙusa a bakin ƙofa ya kwance ƙullin ƙunshin da kansa. Tasalla da ba ta yi kuka ranar da aka ce a kore ta ba, a nan ta yi.

Da yamma sarki ya koma lambu. Hawainiya ta ci reshe ɗaya ta koma na gaba. Ya ce, "Kaka, kin yi tafiya."

Ta ce, "Kai ma haka, ranka ya daɗe. Na ji abin da ka ce wa mai baibai. Ubanka ma sai da ya yi furfura ya iya wannan."

Sarki ya ce, "Na karɓi karatu. Daga yau in an kawo mini magana, zan bar mai maganar in dubi maganar, in tambayi wa ya duba, in ƙirga ƙofofin da kaina. Kuma na gane, duk ranar da na zo wurinki kafin hukunci, hukuncin kyau yake yi. Ke ce sa'ar gidan nan."

Ta juyo masa da ido ɗaya ta ce, "Sai ka nemo igiya ka ɗaure ni a kan kuka."

Sarki ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Na tuba, Kaka. Na tuba."

Tasalla ta yi shekara tara bayan wannan. Duk shekara kafin a zuba baba sai an kai mata toka a ƙwarya ta ɗanɗana, har ta koya wa marina suka iya da kansu. Ba wanda ya ƙara ce mata baƙuwa. Ranar da ta cika, aka haƙa mata kusa da uwarta, kuma waɗanda suka ga jana'izar sun ce duk hannun da ya ɗauki makararta shuɗi ne har gwiwa.

Iyakar abin da masu riƙe da labarin suka miƙo mana ke nan. In da ƙari a ciki, laifin bakina ne, ba na toka ba.